Filash Ɗin Sai-an-goge

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, labari ya iske mu cewa maƙwabcina kuma abokin gardamata, mai gyaran kwamfutar nan da duk layinmu ya sani da Sai-an-goge, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Bango ɗaya ne ya raba shagona na littattafai da nasa, bangon kuwa bai taɓa hana muryarsa ratsowa ba.

Abokina, kai ka jawo wa kanka wannan suna. Mutum zai kawo maka kwamfuta don maɓalli ɗaya ya maƙale, sai ka jujjuya ta, ka girgiza kai kamar likitan da ya ga mugun ciwo, ka ce, "Sai an goge." Nufinka a cire babbar manhajar kamfani da ta zo da ita, a zuba ta kyauta, wadda ke cikin filash ɗin da ba ya barin wuyanka. Ka shawo kan tela, ka shawo kan mai kemis. Mai ɗakinka ma ta ce in za ta unguwa sai ta kulle tata a akwati.

Ni kaɗai na gagare ka. A gaban jama'a na ci alwashin filash ɗinka ba zai taɓa shiga kwamfutata ba, kai kuma ka ce ba za ka bar duniya ba sai ka ga ta shiryu. Kullum da rana muna kan bencin ƙofar shago muna abu ɗaya. Ka ce tawa gidan haya ce, ina ciki amma makulli na hannun wani. In ce taka baƙin allo ce da ƙananan rubutu, sai mutum ya haddace karatu kafin ya buɗe hoton ɗansa. Ba mu taɓa haɗa baki ba sai in mai ɗaukar hoton layinmu ya gifta rungume da tasa siririyar kwamfutar mai tsada, wadda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta, nan ne muke haɗuwa mu yi masa dariya.

Amma duk surutunka, hannunka ya fi bakinka alheri. Tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka jefar kake kwasowa, ka tashe su, ka raba wa ɗalibai. Lokacin da iyalina ke kwance a asibiti kai ka tsare mini shago. Ko fensir bai ɓata ba, sai dai duk wanda ya sayi littafi ya tafi da lacca a kan manhaja.

Wasu shekaru da suka wuce fankar kwamfutata ta mutu ana tsakiyar komawa makaranta, dole na bar maka ita wuni guda. Na ja maka kunne na ce fanka kawai. Da na karɓo sai na ga ta yi sauri, wasu abubuwa kuma sun ɗan sauya wuri. Na tambaye ka, ka ce, "Na cire mata abin da ke damunta." Tun daga ranar nake cika maka baki, ina kiranka ka zo ka ga yadda ta kamfani ke gudu. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ci gaba da kwance sukurorinka. Na ɗauka na rufe maka baki ne.

Makon jiya allonta ya fara rawa, na kai wa babbar 'yarka, wadda yanzu ke zaune a kujerarka. Tana kunnawa ta dube ni, hawaye da dariya suka zo mata tare.

"Kawu, ai wannan manhajar ta Baba ce," in ji ta. "Riga kawai ya sa mata irin ta kamfani."

Ashe shekara da shekaru ina yi wa manhajarka talla da bakina, a gaban tela da mai kemis. Kai da magana ba ta kwana a cikinka, ka riƙe wannan har kabari don kada in ji kunya a layi. Wallahi wannan shirun naka ya fi duk gardamarka yi mini ciwo, don yanzu ba ni da wanda zan je in yi wa masifa.

'Yarka ta ce, "In goge in mayar maka da taka, Kawu?"

Na ce ta gyara allon kawai, kada ta taɓa sauran. Na faɗi a gardamarmu, abokina, kuma ga shi na faɗa a rubuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ɗaliban da ke karatu da abin da hannunka ya tayar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka ƙare rayuwarka kana cewa sai an goge. Ina roƙon Ubangiji Ya goge maka kurakuranka gaba ɗaya, har da wanda ka yi mini, don ni na yafe. Amin.