Igiyar Da Muka Jefa Wa Ilu

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ce, cikin wata bazara a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin, lokacin ban wuce shekara tara ba. Baba ya dawo Kurfi da la'asar, ya sauke wa jaki mangalar gishiri da kanwa, sannan ya miƙa wa Inna ƙunshin tsofaffin takardun da yakan sayo mata na ƙulla ƙosai. Ni ce mai talla, don haka ni ke yayyaga su. Ina cikin yaga sai hannuna ya tsaya. Wata takarda ce mai launi, an raba ta ɗaki-ɗaki, a ciki ga yara biyar da wasu tufafi da suka ɗame su, sun rufe fuska da ƙyalle mai hujin ido. Ɗaya yana tsaye a sama, ba tsani ba reshe. Na waiga, Inna tana fama da murhu, na cusa takardar a zanena.

Mu ma biyar ne da ba ma rabuwa a makarantar allo: ni, da Tanko ɗan maƙeri, da 'yan biyu Hassan da Husaini, da Ilu ɗan baffana. Kafin wata ya mutu na tara irin waɗannan takardu da dama a cikin wata fasasshiyar tukunya bayan rumbu. Ba mai jin Turanci a cikinmu. Hotunan muke bi, mu faro daga dama mu yi hagu yadda muke karatun allo, inda labari ya yanke in cike da bakina, don tun ina ƙarama Allah bai rage ni da baki ba. Tashi sama ya ba mu sha'awa, amma abin da ya tafi da mu shi ne babu babba a kansu. Ba mai aikensu rijiya, ba mai ce musu su tashi manya za su yi magana. In masifa ta faɗo wa gari, su ake jira. Kuma ba wanda ya isa shi kaɗai, sai sun haɗu. Nan da nan muka rabe su. Tanko ya ɗauki ƙaton da ke kai wa rusasshen gini naushi ɗaya ginin ya tashi ya haɗe, 'yan biyu suka ɗauki mai wuta da mai iska, ni na ɗauki yarinyar nan mai ɗaga duwatsu. Ilu, da yake shi ne ƙaraminmu kuma ya fi mu gudu, aka ba shi ɗan yaron nan mai shuɗiyar riga.

Sai ranar da na tsinci rabin takarda, layi ɗaya tal, sauran an riga an ƙulla ƙosai da shi. Muka haɗa kai a kanta. A ɗakin farko yaran suna bakin wani rami, sun riƙe hannun mai shuɗiyar riga. A na gaba rabin jikinsa ya shige, yana reto a jikin igiya. Can gaba igiyar ta fi ƙarfin hannunsa, yana miƙa yatsu bai kai ba. A na ƙarshe yana ƙasan ramin shi kaɗai cikin baƙin duhu, idanunsa kawai ake gani. Ilu ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. "To mi na yi maku?" ya ce. Tanko ya yi dariya ya ce ai takarda ce, amma dariyar ba ta kama kowa ba.

A makon nan 'yar rani, wato ciwon agana, ta shigo gari. Ba a kiran sunanta da ƙarfi, sai dai ka ji mata a bakin rijiya sun rage murya suna cewa ta sauka gidan wane. 'Yanmata suka daina gaɗa a dandali, ƙosaina ya riƙa dawowa gida a sanyaye. An ce masu lambar rigakafi suna Dutsin-Ma, za su iso, amma shiru. Da hantsi sai ka ga maza sun wuce da ɗan abu naɗe a tabarma, ba mai tambayar na wane ne. Ana cikin haka Ilu ya kwanta da zazzaɓi, ƙuraje suka feso masa. Aka kafa masa bukkar kara a gonar baffa bayan gari, aka tura Gwaggo Dije ta yi jinyarsa, don ita ta yi ciwon tun tana yarinya, ga zanzana nan a fuskarta. Mu aka ce iyakarmu gindin marke, wanda ya ƙetare sai an karya masa ƙafa.

A gindin marken ake ajiye kunu, Gwaggo ta zo ta ɗauka. Daga nesa ta gaya wa Inna yaron ya ƙi shan komai. Ta ce ko ta ɗura masa sai ya furzar, ba abin da yake faɗi sai wai an sake shi a rami, an janye igiya. Inna ta ɗauka sambatun zazzaɓi ne. Ni na san ba sambatu ba ne, kuma tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Duk takardar da Baba ya kawo sai na birkice ta ina neman ɗaya rabin, ko zan ga an fito da shi. Ban samu ba.

Ranar Juma'a yayana Sani, wanda ke karatun boko a Dutsin-Ma, ya zo gida. Ya iske ni bayan rumbu na tasa takardar a gaba ina kuka. Ya karɓa, ya sa na ba shi labarin, ina nuna masa da yatsa. Sai ya dungure mini kai.

"Ke dai sakarai ce, Ladi. Allo ne wannan? Ta hagu ake faro shi."

Na sake dubawa. Yaro a cikin duhu shi kaɗai. Igiya ta sauko masa. Ana jan sa. Ga shi a waje, hannunsa cikin na 'yan'uwansa. Wallahi ban tsaya jin sauran zagin ba.

Na kwance igiyar gugan Inna, Tanko ya ɗauko ta jakin ubansa, 'yan biyu suka sato na ɗaurin awaki, muka ƙuƙƙulla su a gindin marke. Tanko ya ɗaura dutse a baki ɗaya ya wurga, ya faɗi kusa da ƙofar bukka. Gwaggo Dije ta fito da masifa, ba irin sunan da ba ta kira mu ba. Ni kuwa na buɗe murya iyakar ƙarfina:

"Ilu! Ta baya muka karanta! Fiddo ka ake yi!"

Gwaggo ta yi tsaye tana kallonmu kamar mahaukata. Can sai ta sunkuya ta kwance dutsen, ta shiga da bakin igiyar. Muka riƙe namu bakin mu huɗu, muka ɗan ja a hankali. Ba komai. Ungulu biyu suna shawagi sama da gonar, na ƙi kallonsu. Muka sake ja. Har Husaini ya fara shessheka, sai na ji igiyar ta motsa a tafin hannuna, ɗan ja kaɗan, kamar na ɗan akuya.

Da yamma ƙwaryar kunu ta dawo gindin marke ba komai a ciki. Igiyoyin ƙona su aka yi, na sha duka kan ta guga, ban ko ji zafinsa ba. Ilu ya tashi kafin damina ta faɗi, amma ciwon ya tafi da idanunsa duka biyu. Da ya girma tufkar igiya ya koya, ita ya ci da iyalinsa a kasuwar Kurfi har tsufa, kuma duk lokacin da na tsaya rumfarsa sai ya tsokane ni, ya ce Hajiya Ladi har yau ba ta biya Inna igiyarta ba.

Yanzu jikokina a waya suke kallon irin waɗannan yara masu rufe fuska, da motsi da murya, ba mai faro musu labari ta baya. Kowa da tasa wayar, kowa a kusurwarsa, ban taɓa ganin sun haɗa kai biyar a kan abu ɗaya ba. Bukkar da marken duk sun zama gidaje, 'yar rani ma ba wanda ya san ta. Ilu ya rasu bara waccan. Har ya koma ga Allah bai ga takardar nan ta daidai ba, maganata kawai ya riƙe.