Makon da Mahauta Suka Ɓoye Ruwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, mu uku a motar ofis: ni, da abokin aikina, da direbanmu da ba ya iya tuƙi sai da goro a baki. Aikin da ya fitar da mu ba abin a yi ta yayatawa ba ne. Ruwan ƙazanta za mu je aunawa a wata matata da ke bayan garin Enugu, inda kwatocin unguwanni da na mayanka suke haɗuwa, a tace su kafin a sake su rafi. Sai dai na'urar awon tana Fatakwal, don haka can muka fara nufa.

Hanyar Lokoja tana nan yadda kuka san ta, tirela bayan tirela, shinge bayan shinge. Bayan magariba muka tsallaka gadar Onitsha, muka sauka wurin Sakkwatawa 'yan albasa, suka ba mu ɗaki a bayan masallaci. Albasar da ake cika maka kwano da ita a gida, nan ƙirga maka ake yi kamar ƙwai. Yaran unguwar suka durƙusa suka gaishe mu da Hausa tsaf, suka juya suka ci gaba da faɗansu da harshen Ibo.

Fatakwal kuwa ruwan sama ne ya tarbe mu, shi ya raka mu. Muka karɓi na'urar, aka ja mana kunne cewa aro ce, mako guda za ta yi, wasu na jiran ta. A unguwar Mile 2 Diobu muka kwana, wurin da mai shago da mai baro da mai wa'azi duk suke rabon hanya ɗaya. Na ci gasasshiyar ayaba da kifi, barkonon ya sa ni hawaye, direbanmu kuwa ya ce shi fa ba ya cin abin da bai san sunansa ba, ya tafi neman shayi.

Da muka isa matatar, wadda ke kula da ita ta fito ta tarbe mu, 'yar Kudancin Kaduna ce, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta zagaya da mu. Tankunan sun tsufa, kuma duk damina sai sun yi ambaliya cikin gidajen da ke gangare. Tsohuwar mitar da ke bakin shigar ruwa maiƙo ya rufe mata ido, dare da rana lamba ɗaya take nunawa, ba mai yarda da ita. Ta faɗa mana abin da hukuma ke jira. In awonmu ya nuna ruwan da ke shigowa ya fi ƙarfin matatar, za a ƙara tanki da famfo, kowa ya zauna inda yake. In kuwa bai kai ba, ke nan jini da kitsen mayanka ne ke toshe ta, sai a tashi mahauta a kai su can daji, nesa da kasuwa da gidajensu.

Muka ɗora na'urar a kan kwatar shiga. A ƙa'ida da hantsi ruwa ke tumbatsa, lokacin yanka da wankin kayan ciki. Hantsi ya yi ya wuce, ruwa na tafiya sululu kamar na alwala. Washegari ma haka. Na zargi na'urar, na tsoma sanda na duba zurfi, na jefa ɓawon lemo na ga saurinsa, lissafi ya zo ɗaya. Matar ta ce ita tunda take wurin nan ba ta taɓa ganin kwatar ta rame haka ba.

A teburin mai shayi kusa da Kasuwar Artisan na ji bayanin. Enugu gari ne da ake sayen ruwa a tanka, kuma wani direban tanka na zaune yana ta mita da Turancin buroka, wai Hausawan mayanka da suke sayen ruwa kullum safiya sun yi masa yaji makon nan, bai san laifin da ya yi musu ba. Ban ƙarasa shayin ba na hau okada zuwa mayanka.

Sarkin pawan dattijo ne Bakano, tun yana saurayi yake garin. Sai da muka gama gaisuwa, gajiya da iyali da mutanen Arewa, sannan na tambaye shi. Bai ɓoye ba. Ya ce sun ji labarin za a turo masu ƙirga ƙazantarsu, sai manya suka zauna a masallaci suka yanke shawara: a rage yanka, tumbi da hanji kuma a ɗiba a keke a kai wani rafi can nesa a wanke.

"Injiniya, ai kai namu ne," in ji shi. "Ba mu so ka zo ka tarar da abin kunyarmu, ka rasa yadda za ka rubuta."

Na ce, "Baba, ƙaramar lamba ita ce za ta tashe ku."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na roƙe shi abu ɗaya tak, su koma aikinsu yadda suka saba, kada a ƙara, kada a rage. Ya ce an gama.

An gama ɗin ke nan! Da safe muna isa muka tarar kwata ta cika tana neman haye na'urar, ruwa garau kamar a sha. Samarin mayanka ne suka yi karo-karo suka ɗauko tankoki, ana ta ɗurawa a magudana. Matar nan ta yi dariya har sai da ta dafa ƙarfe. Ni kam raina ya ɓaci, wallahi, don kwanakin aron sun ƙare. Dattijon ya rantse shi bai sa su ba, na kuma yarda da shi.

Abokin aikina ya ce mu haɗa awon fari da na ƙarshe mu raba biyu, wataƙila mu faɗa kusa da gaskiya. Na ƙi. Na rubuta abin da ya faru, cewa duka lambobin ba na matatar ba ne, a sake awo ba tare da sanarwa ba. Muka ba motar haya na'urar ta koma Fatakwal, muka biya kasuwar Ogbete na sayi manja da okpa, alalarsu ta gurjiya, na tsaraba, muka kamo hanyar Makurdi. Okpar ba ta kai Lafiya ba, direban da ba ya cin abin da bai sani ba shi ya cinye rabinta.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Mun damu da ko na'ura za ta yi kuskure, ba mu tsaya mun faɗa wa mutanen da ake auna ruwansu abin da lambar take nufi ba. Na'urar kuwa ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Ina gida 'yan kwanaki matar ta bugo waya. Kwamitin hukuma ya zauna, ya ce ba kuɗin sake awo, kuma tunda babu lambar da ta nuna matatar ta yi kaɗan, maganar ƙarin tanki ta mutu. An ba mahauta zuwa ƙarshen damina su kwashe. Da yamma dattijon da kansa ya kira. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, bai ɗora mini laifin komai ba. Sai da zai ajiye ya ce, "Injiniya, tsakani da Allah, da mun bar ruwan yadda yake, awon zai kai?"

Na ce masa ban sani ba. Har yau babu wanda ya sani.