Tanko da Gatarinsa

Kafin wani ya tona min asiri, bari in tona da kaina: ni ne wawan labarin nan, kuma sau biyu na tafka wautar, shekara sittin tsakani.

Muna yara, da an idar da magariba sai Kaka Yalwa ta iza wuta a tsakar gida mu kewaye ta. Kullum ƙanena Sule ne a kan cinyarta. Ni ina gefe ina shan hayaƙi, ina mintsininsa a ɓoye.

Ran nan ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya kama." Wai akwai wani tsibiri can arewa, cikin ruwan da ba a hango gaɓarsa, da ƙauyuka biyu, dutse ya raba su. Masuncin gabas kullum komarsa cike. Na yamma kuwa baƙin ciki ya hana shi ko jefa tasa. Sai ya ɗauki gatari, shekara bakwai yana saran dutsen don kifin maƙwabci ya biyo ta wajensa. Ranar da dutse ya tsage, ruwa ya kwashe ɗan kifin yamma ya kai gabas.

Sule ya ce, "Wa sunansa?"

"Tanko," in ji Kaka, tana kallon wuta.

Na kwana ina murna an sa sunana a tatsuniya, Sule ko oho. Sai da gemuna ya yi fari na gane ba yabo ba ne. Amma ganewa daban, dainawa daban.

Bana ni da Hajiya muka zo Wangsa Maju, wata unguwa a nan ƙasar waje, wajen ɗanmu mai karatun digiri na uku. Na tarar Alhaji Bala, kakan jikata Ummi na wajen uwa, ya riga ni, har ya kai ta wani tsibiri a arewa ta ga tsagar dutse a bakin teku. Ba ta da zance sai "Atuk Bala", wai kaka ke nan da yaren nan. Ni da na yi aji huɗu cur a makarantar boko, ko kallo ban ishe ta ba.

Na gyara murya na ce ai dutsen nan mu muka san asalinsa. Na zayyano tatsuniyar tas, har yarinya ta hau cinyata.

"Atuk, wa sunansa?"

"Bala," na ce, ina kallon fanka.

Na manta Hajiya 'yar baffana ce, a gindin wuta ɗaya muka ji tatsuniyar. Daga kicin ta ɗaga murya:

"Malam Tanko, ajiye gatarin nan haka. Shekara sittin kana sara, ko tarwaɗa ba ka kawo gida ba."