Muryar Yaya Mamman a Cikin Garmaho

Ranar kasuwar Wurno ce, bayan girbin gero, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Ina tafe da ƙwaryar fura a kaina sai na iske mutane sun yi cincirindo a rumfar Ladan Maigoro. Ladan falke ne, duk shekara yakan sauka Kurmi ya taho da goro, amma a wannan zuwan har da wani akwati da ake kira garmaho. Sai ya murɗa hannun akwatin, ya ɗora baƙin faifai, ya saukar da allura, ka ji mutum yana waƙa ba a ganinsa. Ni kuwa dama ba ni da zama wuri ɗaya, Inna kan ce ƙafata ƙaiƙayi take yi, don haka na kutsa tsakanin manya har gaban akwatin. Aka sauya faifai, gurmi ya fara tashi, aka ja murya, sai na ji ƙwaryar tana neman zamewa daga kaina. Muryar wana ce, Yaya Mamman.

Mamman shi ne ɗan farin Inna. Ya tafi cin rani Kurmi da samarin unguwarmu, kowa ya dawo kafin shuka ban da shi, damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba shi ba labarinsa. Kafin tafiyarsa mu biyu ke ban ruwan albasa a fadama, shi yana jan jigo, ni ina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, ina tserewa kamun fara in ya juya baya. Yana aiki yana waƙa, kuma muryarsa takan ɗan karye in ya zo ƙarshen baiti. Wannan karyewar na ji a faifan. Da na tambayi Ladan, ya ce lalle ya ga yaron a zangon Kumasi yana kiɗan gurmi, kuma a can wasu 'yan kamfani suka ɗauki muryarsa.

Da gudu na iso gida, rabin furar ya zube a hanya. Baba na zaure yana tufkar igiya, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Manomi na haihwa, ban haihi maroƙi ba. Kada in ƙara jin wanga zance cikin gidana." Na shige wurin Inna ina haki, na sake zayyana mata. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar labarinsa, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane, don kunya. Ta ci gaba da tsintar wakenta, abin da ta ce kawai shi ne, "Mi kinka yi da sauran hura?" Wallahi na ji haushinta a ranar, don yarinya ce ni, ban lura ba cewa waken da take tsinta a tabarma yake ta zubewa.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Inna ba ta fita kasuwa, Ladan kuwa yana ɗaure kaya zai koma Kurmi. Ga faifan yana cinyewa, kowane sawa sai shuuu ɗin da ke cikinsa ya ƙaru, muryar ta ƙara nisa, masu zaman rumfa kuwa ba su gajiya da cewa a sake. Na daina zuwa gaɗa, a makarantar allo na sha bulala saboda waige-waige, kullum ina rumfar Ladan ina roƙonsa ya kai akwatin gidanmu. "Ke ɗiyar ga kin cika naci," in ji shi, "so kike ubanki shi kore ni da sanda?" Da ƙyar ya yarda da wata dabara: gidan ba zai shiga ba, amma ba wanda ya hana matafiyi hutar da jakinsa a gindin tsamiyar da ke bayan dangarmu.

Da hantsi Ladan ya zo, Baba na fadama. Inna tana daka a tsakar gida, ni ina kai da kawowa tsakaninta da danga kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Gurmi ya tashi daga bayan danga. Taɓaryar ta sauka sau ɗaya, ba ta sake tashi ba. Ta juya mini baya, ta dafa bakin turmi, ta tsaya a haka har allura ta kai ƙarshe. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Wanga mai waƙa ba shi cin abinci shi ƙoshi." Ta shiga ɗaki, ta ƙulle gabun albasa da daddawa da garin kuka a tsumma, ta miƙo mini. "Kai ma Ladan. In ya ga mai waƙar, shi ba shi, ko wane ne."

Ladan ya dawo wata shekarar ya ce bai same shi ba, wai mai waƙar ya yi gaba wajen bakin teku. Mamman bai dawo ba, har Inna ta rasu.

Yanzu jikokina suna da waƙoƙin duniya a cikin wayar hannu, har da tsofaffin faya-fayan da aka tono aka gyara aka sake fitarwa. Duk wadda suka samo mai gurmi sai in ce su kunna mini, in kasa kunne wajen ƙarshen baiti, su yi ta yi mini dariya wai Kaka ta tsufa da son kiɗa. Su waƙa suke ji, ni mutum nake nema.