Kwalaben Jinin Kawu Ɗanjuma

Kawu Ɗanjuma ƙanen mahaifiyata ne, dillalin shanu a kasuwar Daura. Alhaji Sule amininsa ne tun ƙuruciya. Ni kuwa ɗan da suka sa a makaranta ne, na karanci awon jini. Kun san Kawu bai taɓa yarda da abin da bai auna da kansa ba. Ko suruki ya zo gaisuwa, sai ya matsa masa kafaɗa kamar mai duba tozo.

Da girma ya zo, tsokar nan da ke ƙasan mafitsarar maza ta kumbura masa. Fitsari ya riƙa karya masa alwala, har ya bar sahun farko ya koma bakin ƙofar masallaci, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. A lokacin ina bincike a kan yawan sinadarin mazantaka a jinin dattawa masu wannan larura.

Ya ce, "Ɗana, ashe mazantaka tana da lamba? Ta Sule nawa ce?"

Na ce, "Sirri ne, Kawu."

"To, ƙarama ce."

Na bayyana masa cewa da safe ake ɗibar jinin, kafin a ci komai. Shi kuwa ya shirya kansa yadda ake shirya bijimi domin ranar kasuwa: mako guda yana cin dabino da aya, ranar kuma ya shanye ƙwaryar fura. "Wa ya taɓa kai dabba awo da yunwa?" in ji shi. Kwalbar farko ta tashi a banza. Ta biyu sai bayan la'asar ya zo, wai cinikin bijimi ya riƙe shi. Ta uku ya karɓa ya ɗaga wa rana domin ya ga kaurin jinin, ta suɓuce.

A karo na huɗu ya zo daidai, ya miƙa hannu. "Ɗebi biyu. Zamanin shari'a ne, shaida ɗaya ba ta isa." Sannan ya sassauta murya: "In lambar ta fito, zan koma sahun farko?"

Na ce ban sani ba tukuna, shi ya sa ake binciken.

Kafin lambar ta fito, Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Sakamakon ya iso daga Kano bayan sadakar bakwai ɗinsa. Alhaji Sule ya tare ni a zaure, ya ce, "Ta wa ta fi?"

Na ce, "Sirri ne, Baba."

Ya share ido da bakin rawani. "To, tasa ce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya tsayar da shi a sahun farko inda alwala ba ta karyewa.

Abin da aka rasa: kwalabe uku, gurbi ɗaya a masallaci, Kawu ɗaya.