Maɓallan Bayan Rigar Leshi

Ko da zan manta komai na ranar aurena, safiyarta kam ba za ta fita daga raina ba, lokacin da na tsaya a tsakiyar ɗakina a Greensboro sanye da rigar amarya, bayana a buɗe, babu ko mutum ɗaya da zai ɓalla mini maɓallai. Shekaru sun ja, yarana har sun isa yi mini gardama da Turanci, amma duk ranar da na ciro rigar nan daga jakarta sai na ji sanyin ɗakin nan a gadon bayana.

Daga Jos na zo karatu. Da na gama sai na samu aiki a wani katafaren sito na kaya a kan titin Wendover, na kama ɗan ɗaki a hawa na biyu na wani bene da ke kusa. Rayuwata ba ta wuce aiki, ɗaki, da coci ranar Lahadi ba. Wanda zan aura Ba'amurke ne baƙar fata, haifaffen East Greensboro, tun a jami'a muka san juna. Babana ya riga ya rasu, Mama kuwa ta nemi biza har ta gaji ba ta samu ba. Muka ɗaga ranar, muka sake ɗagawa, daga ƙarshe ita da kanta ta ce a yi abin nan, za ta kalla ta waya.

A gida, sayen kayan amarya gayya ce. Gwaggo ta zo, ƙannen uwa su zo, a cika shago da musu, kowa na jan leshi yana cewa nasa zaɓin ya fi. Ni kaɗai na ɗauki mota na tafi neman riga. Manyan shagunan duk na fita da sauri, domin kowace amarya na gani da uwarta da ƙawayenta zaune a kujera suna tafa mata, ni kuma in fito daga ɗakin gwaji in tsaya gaban madubi ina tambayar kaina ko ta yi.

A wani ƙaramin shago a East Greensboro na same ta. Mai shagon tsohuwa ce doguwa mai furfura, tana ɗinka rigunan aure irin na da. Rigar ba fara tas ba ce, ta ɗan ja launin madara, hannunta dogo, wuyanta a rufe. Leshin da na sani shi ne namu mai nauyi da duwatsu, wanda ake yankowa yadi biyar a yi anko, idan yayinsa ya wuce a tura wa 'yan uwa na ƙauye. Wannan kuwa sakayau ne, furanninsa ƙanana. Da ta ce mini leshin wuyan ya girmi kakata, daga wata tsohuwar riga ta ciro shi, sai na ɓata fuska. A raina na ce, wato gwanjo zan sa ranar aurena.

Ta lura, ta yi dariya, ta zaunar da ni ta ba ni labari. Ta ce kafin inji ya zo, da hannu mata suke saƙa leshi a ƙasashen Turai, wasu da allura, wasu da 'yan sanduna masu zare a kan matashi, mace ta shafe watanni kafin ta haɗa abin da zai zagaye wuya. Shi ya sa ba a yar da shi. Riga ta tsufa a ciro leshin a ɗora wa sabuwa, uwa ta bar wa 'yarta. Maganar uwa da 'ya ce ta kama ni, ban ƙara tunanin gwanjo ba.

Sai ta juya rigar ta nuna mini bayanta. Maɓallai ne 'yan mitsi-mitsi an lulluɓe su da yadi, a jere tun daga ƙeya har ƙasan kugu, kowanne da ɗan zoben zaren da zai shiga. Babu zif ko ɗaya. Ta ce matan da suka sa irin wannan riga a da ba su taɓa shiryawa su kaɗai ba, an ɗinka ta ne da sanin cewa akwai hannu a bayan amarya. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa zai ɓalla miki?"

"Ina da mutane," na ce.

Kuma a lokacin ba ƙarya na yi ba. Ina da ƙawa ɗaya, 'yar Kaduna, mun yi da ita za ta kwana a wurina ta shirya ni. Sai ga shi ana cikin makon biki naƙuda ta zo mata kafin lokaci, aka yi mata aiki. Ita tana gadon asibiti tana ba ni haƙuri, ni ina ce mata ta ji da kanta.

A nan ne tarbiyyar gida ta yi mini aikinta. Surukata, mace mai kirki, ta kira ni ta ce ta ji labari, ko ta zo da safe ta shirya ni? Ni 'yar Mama, yaya za a yi in bar uwar miji ta tsaya a bayana tana sa mini kaya tun ban shiga gidansu ba? Na ce a'a, kada ta wahalar da kanta, hidima ta yi mata yawa. Na faɗa ina jiran ta ce in rufe mata baki, tana nan tafe. Haka ake yi a wurinmu, ka ƙi, a nace, ka sake ƙi, a zo ko kana so ko ba ka so. Sai kawai ta ce to, ta fahimta, ta san amarya na son ɗan lokaci ita kaɗai. Ta ajiye waya. Na daɗe ina kallon wayar, har haushin matar na ji, alhali ba ta yi komai ba sai yarda da maganata.

Ana gobe biki na leƙa zauren coci inda matan zumunta ke yankan albasa. Shugabarsu, wata Anti 'yar Zonkwa da ta fi shekara ashirin a ƙasar nan, ta ɗago daga kan tukunya ta ce, "Amarya, su in-laws ne za su yi dressing ɗinki ko?" Na dubi buhunan shinkafa da kajin da ke jiransu, na san wasu daga aikin dare suka wuto, na ce eh, an gama magana. Ta ce madalla, ta koma kan tukunya. Ita ma zaman Amurka ya koya mata karɓar amsar farko.

Ban damu sosai ba, don na ɗauka zan iya. A shago tsohuwar ce ta ɓalla mini, ban taɓa gwadawa da kaina ba.

Da safe na je aka yi mini kwalliya da gyaran gashi, na dawo. Na jingina waya da gwangwanin madara na kira Mama. Can gida rana ta yi, ta ci ado da leshinta ruwan goro, ta kafa ɗauri, maƙwabta sun cika falo. Na ja wayar ta koma kallon bango, na zura rigar, na mayar da hannu baya. Na ƙasa guda biyu suka shiga da ƙyar. Na uku ya ƙi. Zoben zaren ya matse, farcen da aka manna mini sai zamewa yake yi, hannun rigar kuma ya ɗaure mini kafaɗa. Na gwada ta sama, na ji leshin wuyan ya yi ɗan ƙara kamar zai yage, na saki da sauri. Na gwada juya rigar gaba ta koma baya in ɓalla sannan in murɗa ta, ta ƙi wuce ƙirji.

Na kira Anti ba ta ɗauka ba, na san wayarta na cikin jaka. Surukata na san tana coci tana karɓar baƙi, can ɗaya gefen gari. Ana haka kawun ango, wanda zai kai ni, ya turo saƙo cewa yana ƙasa. Dattijo ne namiji, ko a mafarki ba zan juya masa bayana ba.

Na zauna a bakin gado. Ba abin da nake ji sai ƙugin firji da motocin Wendover. Na yi shekaru a ƙasar nan ina cin abinci ni kaɗai, na yi zazzaɓi ni kaɗai, ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan safiya ba. Kuka ya zo mini, na ɗaga kai sama don kada kwalliyar ta lalace, saboda ko ita babu mai gyara mini.

Mama ta gaji da kallon bango ta fara kiran sunana. Na juyo da wayar. Ta ce in juya ta ga rigar, na juya. Da na waiwayo na ga ta kai hannu jikin gilashin wayar, sannan ta janye shi ta ɗora a cinya.

"Ba kowa a gidan?" ta ce a hankali.

"Ba kowa, Mama."

"Duk benen nan ba mace?"

Akwai mace. Ƙofar da ke kallon tawa, wata Hajiya ce 'yar Nijar, ɗanta ya kawo ta renon jikoki, shi da matarsa kullum suna wurin aiki. Tun da ta zo nake jin rediyon Hausa ta ƙasan ƙofarta, wani lokaci har in rage tafiya don in saurara. Amma gaisuwarmu ba ta taɓa wuce ina kwana a kan matakala ba. Na koyi halin garin na kowa ya ja ƙofarsa, kuma ita musulma ni kirista, na tashi a Jos, na saba da taka-tsantsan ko inda ba a bukatarsa.

Na yafa zani a baya, na ɗauki wayar, na tsallaka na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da carbi a hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta leƙa bayana ko akwai masu biyo ni.

"Ɗiyata, aure za ki yi? Ke ɗai?"

Na juya na sauke zanin.

Ba ta tambayi komai ba, ta jawo ni ciki. Yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, ta gwada maɓalli ɗaya ta ga ba za su iya ba, sai ta shiga ɗaki ta fito da tsinken kitso. Da bakinsa take zaro zoben zaren ta ɗora a kan maɓalli, ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana yi mini faɗa. Ta ce watanni tana jin takuna, ta san lokacin fitata da na dawowata, ta san ranar da na yi tari, amma aure guda a yi shi a gaban ƙofarta ba a gaya mata ba. Ta ce da ta sani da ko lalle ta sa mini. Ta shafa leshin wuyan, wanda su a can suke kira dantel, ta ce aikin hannu ne, an gani.

Na ɗaga wayar suka ga juna da Mama. Suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, har da tambayar gajiya da mutanen gida. Mama ta ce, "Hajiya, ga ta nan, ki tsaya mini." Hajiya ta ce, "Uwar amarya, kwantar da hankalinki, na kusa kai wa wuya."

Da ta ɓalla na ƙarshe a ƙeyata sai ta bar tafin hannunta a wurin, ta yi mini addu'ar zaman lafiya da zuri'a, Mama na amsawa da amin daga Jos. Hannun na da ɗumi. Rabon da wani babba ya dafa ni haka tun a filin jirgi, ranar da na baro gida.

Na roƙe ta ta zo bikin, ta ce jikokin na barci, ba mai tsaron su. Ta riƙe mini jelar rigar har ƙasan bene, ta tura ta cikin mota, ta rufe ƙofa. Da muka hau titi na waiwaya na gan ta tsaye ita kaɗai a wurin ajiye motoci, tsinken na hannunta.

An yi biki lafiya, kowa na yaba rigar. Surukata ta zagaya bayana ta ce wa ya yi wannan aiki haka, na ce wata mamata ce. Daga coci gidan miji na wuce, sai tafiya, sai komawa aiki, kullum ina cewa zan je in kai wa Hajiya hotuna. Ranar da na je, matar ɗanta ce ta buɗe. Ta ce Hajiya ta koma gida, zaman nan ya ishe ta, ba ta da abokin hira. Na tsaya a tsakanin ƙofofin nan biyu da hotuna a hannu, taku kaɗan ne daga wannan zuwa waccan, ina tuna duk yammacin da na zauna a ɗaki ina kewar Hausa, ita ma tana zaune a nata.

Abin da na koya shi ne, karar da aka rene mu da ita tana da amfani ne a inda akwai masu nacewa. A nan idan ka ce ba ka so, an yarda da kai, sai ka buɗe baki ka ce kana bukata. Ni kuma na ɗaukar wa kaina aikin nacewar. A bara wata yarinya 'yar Bauchi za ta yi aure a cocinmu, ita ma iyayenta na gida. Na ce zan zo in shirya ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Anti, kada ki wahalar da kanki." Na ce ta rufe mini baki ta turo mini adireshi. Da sassafe ina ƙofarta, da tsinken kitso a jakata.