Layin da Ya Watsar da Mutanen Aujara

A ofishinmu na Dutse ni nake karɓar fom ɗin manoman da za a ba irin gero. Abokin aikina kuma shi ya rubuta ɗan shirin kwamfutar da ke tace sunaye: wanda ya yi rajista cikin wa'adi ya shiga, saura su fita. Shekara shida tebur ɗinmu na jikin juna, ko biki gare ni shi ne a gaba.

Da jerin sunaye ya fito, babu ko mutum ɗaya daga wata unguwa a Aujara. Ni kuwa da ƙafata na je na roƙi malamin unguwar ya tara mini jama'a, shi ya cike musu fom da hannunsa. Ya bugo mini waya, ko murya bai ɗaga ba. "Ɗana, lafiya dai ko? Mutane na ta tambayata, ga damina ta kawo jiki." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A taron ofis shugabanmu ya tambayi inda matsalar take. Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, shirin lafiyarsa ƙalau. Sai dai ko wajen shigar da bayanai." Kowa ya juyo ya kalle ni. Washegari aka miƙo mini takardar gargaɗi.

Ni ba gwanin kwamfuta ba ne, amma ina da nacin tsiya. Kwana biyu ina bin shirin layi-layi, in saka fom ɗaya in ga inda zai faɗi. Ashe Malam da kwanan watan Musulunci ya cike, yadda yake rubuta komai nasa, ni kuma na shigar yadda na gani. Shirin ya ga shekara ta dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai, ya gwada ta da ranar buɗe rajista, ya ga ba ta cikin wa'adi, ya watsar da su duka.

Wannan kuskure ne, har da nawa a ciki. Abin da ya ƙona mini rai yana saman layin, ɗan tunin da abokina ya rubuta wa kansa makonni kafin taron: "Na Aujara Hijira ne, a gyara daga baya."

Na juya masa kwamfutar. Ya karanta, ya shafa gemu. "Haba, kai ma ka sani, da na faɗa gaban oga aikina ne zai tafi."

"Nawa fa?"

Ya jawo kwamfutar gabansa. Minti biyar ya gyara layin, amma iri ya riga ya ƙare a sito. Ina ɗaukar hulata zan tafi Aujara in yi bayani, ya ɗago kai ya ce in gaida masa Malam.